Faifan garmahon da ke adakar kakanka: na asali ne, sabon bugu ne, ko jabu?

Idan gidanku tsohon gida ne a Bagudo, ko Illo, ko Ka'oje, ko Lolo, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da su ba: baƙaƙen faya-fayan nan masu faɗi, a jibge cikin adaka ko a bayan kabad, ƙura ta lulluɓe su. Wasunmu da su muka yi wasan jifa muna yara, muna kallon yadda suke tashi sama kamar shirwa. Allah Ya yafe mana. Kaka tana daga ɗaki tana faɗa: "Kai ɗan nan, aje shi, kayan kakanka na!" Mu kuwa ko a jikinmu, tunda garmahon ya daɗe da mutuwa, kaset ya zo ya wuce, CD ma ya wuce, yanzu komai yana cikin waya.

To, kafin ka kira mai gwangwan ya kwashe sauran, tsaya ka ji. Abin da muka yar, duniya ta sunkuya ta ɗauka. A shekarar 2022, an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, wanda shi ne karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce CD a yawan ciniki. Akasarin waɗannan sababbin bugu ne. Amma a gefen wannan kasuwa akwai wata, ta masu neman tsoho, kuma cikin abin da suka fi nema ruwa a jallo har da kiɗan da aka ɗauka a Najeriya da Jamhuriyar Benin a shekarun 1970. Akwai faya-fayan da ake bayar da ɗaruruwan daloli a kan guda ɗaya. Ka san kuwa duk inda kuɗi suka taru, mai jabu ba ya nisa.

Hatsarin da ke gabanka iri biyu ne. Ko wani ya zo ya yi maka tayin kuɗin kati a kan adaka guda alhali akwai faifai ɗaya a ciki da zai biya maka kuɗin makaranta, ko kuma kai ka ji labarin riba, ka tattara 'yan kuɗinka ka sayi "tsohon faifai" a intanet, ashe bara aka buga shi. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka iya karanta faifan da ke hannunka.

Me ya haɗa Bagudo da wannan harka?

Iyaka mana. Daga Illo ka bi ta Lolo, ka faɗa Madekali, ga ka a kasuwar Malanville. Daga Tsamiya ka tsallaka Segbana, hanya ta kai ka Kandi, daga can ka gangara Parakou. Tun kafin Bature ya ja layi a takarda, Illo tana cikin tsohuwar ƙasar Bargu tare da Bussa da Nikki, kuma fatake suna ratsa yankin a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sarin goro. Ko rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai raba dangi da dangi ba. Mutumin da ya saba kai shanu ko kifi can, ya dawo da atamfa da rediyo, ba abin mamaki ba ne ya dawo da faifai. Shi ya sa adakar bakin iyaka takan bambanta da ta Kano ko Zariya: a tsakanin faya-fayan Hausa da na Indiya, sai ka tsinci ƙaramin faifai da rubutun Faransanci a jikinsa. Wannan ƙaramin shi za ka fara dubawa.

A Kwatano akwai kamfanin Albarika Store na Seidou Adissa, wanda ya fitar da ɗimbin faya-fayan ƙungiyar Orchestre Poly-Rythmo, da yawansu kuma a ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Legas aka ɗauke su. Akwai kamfanin Satel, wanda ke da injin buga faifai nasa na kansa a Kwatano. A arewacin ƙasar kuwa, wato maƙwabtanmu na kusa, akwai Orchestre Super Borgou de Parakou ta Moussa Mama, masu waƙa da Barbanci da Dendanci. Idan kana jin Dendanci, za ka fahimci abin da mai sauraro a Jamus yake rawa a kai bai san ma'anarsa ba.

Tun daga shekarun 2000 masu farautar faifai suka riƙa zagaya Benin gida-gida. Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa da ke Frankfurt, ya fitar da African Scream Contest a 2008, sannan a 2012 ya tattara waƙoƙin Super Borgou a faifan The Bariba Sound. Kamfanin Acid Jazz na Landan shi ma ya samu izini yana sake buga kayan Albarika Store. Daga nan farashin na asalin ya tashi, domin wanda ya ji sabon bugu ya ji daɗi, sai ya fara kwaɗayin tsohon.

Sabon bugu ba jabu ba ne

A nan mutane suka fi ruɗewa, har da masu sayarwa. Da zarar an ce faifai ba tsoho ba ne, sai ka ji an ce "ai jabu ne." Ba haka abin yake ba.

Bugun farko shi ne wanda ya fito lokacin da waƙar take sabuwa. Idan ta samu kasuwa, kamfanin yakan sake bugawa bayan wata shida ko shekara uku, wani lokaci da ɗan canji a launin takardar tsakiya ko a kwali. Wannan ma halastacce ne, tsoho ne, sai dai masu tarawa sun fi daraja na farkon. Sai sabon bugu na zamani, wanda wani kamfani ya nemi mawaƙin ko magadansa ko mai haƙƙin faifan, aka yi yarjejeniya, aka biya, sannan aka buga. Irin wannan ba ya ɓoye kansa. Za ka ga sunan sabon kamfanin, da shekarar da aka sake bugawa, da bayanin wanda ya ba da izini, sau da yawa har da ɗan littafi mai hotuna da tarihin mawaƙan. Kamfanin Luaka Bop ya yi haka da William Onyeabor na Enugu a 2013, BBE ya yi da kayan Tabansi, Knitting Factory ya yi da na Fela. In sauraro kake so, ni a ganina wannan ya fi maka: ya fi araha, sautinsa tas, kuma wani abu ya shiga aljihun masu haƙƙi.

Jabu kuwa shi ne wanda aka buga ba da izinin kowa ba. Shi ma kala biyu ne. Akwai wanda bai damu ya yi kama da tsoho ba, kawai an sace waƙa an buga an sayar. Akwai kuma mugun, wanda aka kwaikwayi kwali da tambari da lamba don ka ɗauka bugun farko ne. Na farkon mawaƙi ya cuta. Na biyun ya haɗa da kai.

Abu na farko da za ka tambayi kanka ba ya ma bukatar ka taɓa faifan: shin wannan abin ya taɓa fitowa a faifai a wancan zamanin? Ɗauki misalin Mamman Sani na Nijar, mai kiɗan ogan. Aikinsa na 1978, La Musique Électronique du Niger, a kaset ya fito. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifan garmaho. Don haka duk wanda ya ce yana da "bugun 1978" na wannan faifai, ka yi masa sallama ka wuce. Haka The Bariba Sound: babu wani babban faifai mai wannan suna a shekarun 1970, waƙoƙin tsofaffi ne amma tarin na 2012 ne. Abin da ka iya kasancewa a adakar kakanka shi ne ƙananan faya-fayan da aka tsamo waƙoƙin daga cikinsu.

Yanzu ɗauko faifan. Riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, kada yatsunka su hau kan tsagin waƙa.

Fara da bayan kwali. Idan ka ga zanen layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti don sanin farashi, irin na jikin kwalin magani, to ba faifan Legas ko Kwatano na 1974 ba ne. Idan ka ga adireshin intanet, magana ta ƙare. Sannan kada shekarar da ke jikin takardar tsakiya ta yaudare ka. Shekarar da ke kusa da ɗan harafin P ɗin nan da aka kewaye tana nuna lokacin da aka fara fitar da sautin ne, ba ranar da aka buga wanda ke hannunka ba. Ana iya buga faifai jiya, a rubuta 1975, kuma ba a yi ƙarya ba. Kada kuma ka tsorata don ka ga an rubuta Made in France ko Made in England a faifan Afirka. Da yawan na asali can aka kai aka buga, aka dawo da su a jirgi.

Sai hoton kwalin. Mai jabu ba shi da ainihin hoton da aka yi aiki da shi, tsohon kwali yake samu ya ɗauki hotonsa. Saboda haka ƙananan rubutu sukan fito da dishi-dishi, baƙi ya koma toka-toka, fuskar mawaƙi ta yi kamar an wanke ta. Abin dariyar ma, wani lokaci har tsufan kwalin da ya kwafa yake bugawa. Ka san zoben nan da faifai yake fitarwa a jikin kwali idan ya shekara arba'in a matse? Shafa shi da yatsa. A tsohon kwali za ka ji takarda ta goge ta yi kaushi. A na jabu ido yana ganin zobe, yatsa yana jin santsi. Haka sunan da wani ya rubuta da biro, ko hatimin kantin da ya sayar: idan na gaske ne za ka ji alƙalami ya lotsa takarda. Kai, har hanci yana aiki a nan. Kwalin da ya kwana shekara hamsin a adaka yana da warinsa, sabo kuwa ƙanshin tawada yake yi.

Amma babbar shaida ba a kwali take ba, a jikin faifan take. Kunna fitilar wayarka, ka karkata faifan, ka duba santsin wurin nan da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga wasu haruffa da lambobi, wasu an danna su da inji, wasu an ƙarta su da hannu. Wannan lambar tun daga uwar faifan da aka yanka take, don haka duk faifan da ya fito daga wannan yanka yana ɗauke da ita iri ɗaya sak. Mai jabu dole ya yi sabon yanka, don haka ko ya kwaikwayi lambar, hannun ba zai zama ɗaya ba: inda na asali yake da lambar inji, sai ka ga nasa rubutun hannu ne, ko wasu haruffa sun ƙaru, ko sun ɓace. Kwafe abin da ka gani a takarda, harafi bayan harafi, gefe biyu. Haɗa da lambar kamfani da ke jikin kwali. Faya-fayan EMI na Najeriya da yawa da NEMI suke farawa, na Afrodisia, wato reshen Decca, da DWAPS. Daga nan shiga Discogs, shafin da masu tara faifai na duniya suke zuba bayanan kowane bugu tun shekarar 2000, ka rubuta lambar. Mafi yawan lokaci za ka ga hotunan kwali da na takardar tsakiya, da lambobin da ya kamata ka gani, da kuma farashin da aka sayar da irinsa a baya. Wanda aka san ba shi da izini suna yi masa alama, kuma sukan hana cinikinsa a shafin. Duba wannan kyauta ne, data kawai za ka ƙona.

Nauyi ma yana magana, amma kada ka dogara da shi shi kaɗai. Yawancin sababbin bugu masu kauri ne, ana ma tallata su da cewa giram 180 ne, alhali na shekarun 1970 sun fi sirantaka. Idan kuma faifan yana da nauyi sosai, ba ya lanƙwasuwa, waƙa ɗaya ce tal a kowane gefe, an rubuta 78 a jikinsa, to wannan tsohon zubi ne na zamanin garmaho mai wani, ya girmi sauran. Kama shi da kyau, faɗuwa ɗaya ya tarwatse kamar tangaran.

In ka samu na'urar da za ka kunna, kunne zai ƙarasa aikin. Mai jabu ba shi da tef ɗin asali, daga tsohon faifai ko daga intanet yake kwafar sauti. Sai ka ga faifai yana sheƙi, babu ƙarce ko ɗaya, amma yana ƙas-ƙas a wuri guda kullum, ko kiɗan ya fito a dushe kamar ana yinsa a ɗakin maƙwabta. Ƙarcen wani faifan kake ji, wanda aka kwafa tare da waƙar.

Akwai wata cutar da ta fi yawa a kasuwanninmu fiye da jabun kanta, wato haɗin gambiza. Kwali na asali, faifan ciki na wani mawaƙi daban. Ko faifai na gaske, kwalin kuwa hoto ne aka wanko a shagon kwamfuta aka manna a kwalin indomi. Ba kullum ne da mugunta ba. A gidajen biki da mashaya na da, faifai yana fita daga rigarsa ba ya komawa. Amma farashi ba ɗaya ba ne, don haka zaro shi ka gwada lambar takardar tsakiya da ta kwali kafin a fara maganar kuɗi.

To Shata fa?

Na san tambayar da ke bakinka ke nan, domin a yawancin gidajenmu abin da ya fi yawa shi ne Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da ire-irensu. Labari mai daɗi shi ne, kusan ba ka da fargabar jabu a nan. Buga faifai yana cin kuɗi, mai jabu kuwa ba ya wahala a kan abin da masu dala ba su rububinsa. Jabun da ya addabi mawaƙan Hausa na kaset ne, wanda ya taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifai a shekarun 1980, har manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu, EMI ta zama Ivory Music, PolyGram ta zama Premier. Saboda haka faifan Shata da ke gidanku, in dai faifai ne, mafi rinjaye na zamaninsa ne.

Labari marar daɗi kuwa, da wuya ya kai farashin faifan Poly-Rythmo a kasuwar waje, don masu sayen kiɗan rawa mai jita da ganga suke nema, ba su jin abin da Shata yake faɗa balle su san inda daɗin yake. Ni kuwa na ce wannan gaba ta kai mu. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma mafi yawan abin da muke turawa juna a waya kwafin kwafin kaset ne, kalangu ya dushe, amshi ya cakuɗe. Faifai mai lafiya yana iya zama mafi tsabtar sautin wata waƙa da ya rage a garinku. Idan da ni ne, irin wannan ba zan sayar ba. In kuma dole ta sa, sai na fara neman wanda zai juye mini shi a kwamfuta da kyau. Juyewa don ajiyar gida daban, bugawa a sayar daban; dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 tana nan, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ke kula da ita, a Benin kuma akwai BUBEDRA.

Idan mai saye ya zo, abu na farko shi ne ka tuna kayan ba naka ba ne kai kaɗai. In mai su ya rasu, gado ne, sai ka zauna da Baba ko Kawu, har da su Gwaggo, kafin faifai ɗaya ya fita daga gida. Na biyu, kada ka yarda da cinikin adaka guda. Wanda ya san abin da yake nema yakan ce "haɗa duka nawa?" don kada ka lura da wanda idonsa ya tsaya a kai. Ce masa albarka, ka nemi kwana biyu. Ɗauki hoton kowane faifai gaba da baya, da takardar tsakiya, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Amma ka yi wa kanka adalci: farashin da ka gani a intanet na faifai mai lafiya ne da kwalinsa, a hannun wanda zai iya aikawa Turai. Naka da aka yi wasan jifa da shi ba zai kai nan ba, kuma dillali ma yana da kuɗin mota da ribarsa. Faifai mai tsagewa ko wanda ya kwana a rana ya lauye, sai dai ado.

Idan kuma kai ne mai saye, musamman daga wanda ba ka taɓa gani ba a Facebook ko WhatsApp, nemi hoton lambar nan ta santsin wuri, a haske, gefe biyu, da ɗan bidiyon faifan yana juyawa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ce yana da kwafi goma na faifan da duniya take nema, duka sababbi fil a leda, wai daga wani tsohon sito aka tsinto su, to irin wannan tsintuwa tana faruwa, amma ba kullum ba, kuma ba kai za a kira a rage wa farashi ba.

Kafin duk wannan, ceto su daga inda suke. Zafin Maris da Afrilu na Kebbi, a ɗakin kwano, yana iya lanƙwasa faifai ba tare da kowa ya taɓa shi ba, damina kuma ta kawo fumfuna da gara. Jera su a tsaye kamar littattafai, kada ka ɗora wani kan wani, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa. Kada ka goge su da kananzir ko fetur, kada ka sa soso. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa da tattausan ƙyalle sun isa, kana bin zagayen tsagin, ba tare da ka jiƙa takardar tsakiya ba, sannan su bushe a inuwa. Idan tsohon garmaho mai wani yana nan yana aiki, kada ka ɗora masa faifan da aka rubuta 33 ko 45 a jikinsa. Allurarsa ta ƙarfe ce, an yi ta ne don masu 78, kuma juyi ɗaya ya isa ta huɗe tsagin waƙar.